Wa Zai Yi Wa Papà Wanka?

Demetrio bai ko daina yankan cukun ba lokacin da ya faɗa mata. Idonsa na kan wuƙa, daga wuƙa ya koma kan sikeli.

"Juma'a zuwa Lahadin nan fa ba zai yiwu ba, Ortè. An ba ni rumfa a baje kolin birnin Cosenza. Shekara uku ina nema, sai yanzu suka kira ni."

Ortensia ta ajiye jakar cefanenta tsakanin ƙafafunta. Litinin ce, ranar kasuwar garin, motocin 'yan kasuwa sun jeru tun daga bakin coci har gidan mai. Ita kuwa ta biyo ne kawai don ta ba ƙanenta makullin gida da takardar magungunan mahaifinsu. Makullin yana hannunta.

"Gobe ƙarfe bakwai saura zan shiga jirgin ƙasa, Demè."

"Na sani."

"Au, ka sani."

"To me kike so in yi? In ce musu na fasa?" Ya naɗe cukun a takarda, ya miƙa wa wata mata mai jan kwando. "Ga shi, Signora, na ɗan ƙara miki. A gaida gida."

Matar ta karɓa, amma ba ta tafi ba. Ta tsaya tana gyaran kwandon da babu abin da ya same shi.

"Ran Ista," in ji Ortensia, "a teburin Papà, bakinka cike da naman rago, kai da kanka ka raba kwanakin. Ka ce yayanmu Saverio ya ɗauki Talata zuwa Alhamis, kai ka ɗauki Juma'a zuwa Lahadi. Har da buga tebur. Ka ce Ortensia ta je ta huta, ta cancanta."

"Ran Ista ai ba a ba ni rumfa ba." Ya goge wuƙar a jikin rigar aikinsa. "Kuma bari in gaya miki gaskiya a matsayina na ɗan'uwanki, wannan tsarin naki bai yi ba sam. Wa yake zuwa birnin Firenze a watan Yuni? Gari kamar tanda, baƙi sun cika ko'ina ba wurin sa ƙafa, ki tsaya layi awa uku don ki kalli dutsen da aka sassaƙa tsirara. Ni na je, na gani."

"Kallon ƙwallo ka je."

"Ai na ga garin ta tagar mota. Pisa kuma fa? Hasumiya ce ta karkace, iyakarta ke nan. Ki je ki kalli gidan Kawu Rocco mana, shi ma a karkace yake, kuma ba a biyan kuɗin shiga."

Mai zaitun da ke rumfar kusa ya ƙyalƙyale da dariya. Demetrio ya ji daɗin haka, ya ƙara ɗaga murya.

"Ki bari sai Oktoba, wuri ya yi sanyi, mutane sun ragu. Ni zan kai ki tasha da kaina."

"Oktoba za a yi min aikin gwiwa. Wannan ma ka sani."

"To baɗi."

Ortensia ta matso gaban rumfar. Shekara ashirin da biyu tana girki a kicin ɗin makarantar firamare, ta saba magana a kan ƙarar yara ɗari biyu, kuma da wannan muryar ta yi amfani.

"Ina shekara goma sha uku ajinmu ya tafi Firenze. Na haɗa kayana, har sabon takalmi aka saya min. Mamma na kwance da kai, kwananka tara a duniya. Na zazzage akwatin, na koma wankin kunzugunka. Shekara arba'in da huɗu ke nan, Demè. Yau kai ne za ka tsaya ka gaya min abin da ke Firenze?"

"Haba Ortè, a gaban mutane?"

"Ai a gaban mutanen ka faɗa min."

Mai zaitun ya juya yana jera kwalabe. Demetrio ya sassauta murya, ya sunkuyo ta saman cukun.

"Ki je ki ga Saverio. Mun riga mun yi maganar da shi."

"Kun yi maganar? Yaushe?"

"Wa ke layi? Signora, me za a yanka miki?"

Babu kowa a layi. Ortensia ta ɗora makullin da takardar magani a kan sikelinsa, ta ɗauki jakarta. Ta ji yana kiran sunanta har ta wuce mai kifi, ba ta waiga ba.

Ofishin hukumar gari yana can tsohon gari a kan tudu, tafiyar minti ashirin a bas. Ta samu wuri a baya, kusa da taga. Bas ɗin ya fara hawa yana gurnani a kowace kwana, teku na ta yin ƙasa.

Tun watan Nuwamba take tsara tafiyar nan. Ba ta taɓa wuce Napoli ba, can ɗin ma asibiti ta raka mijinta shekarar da ya rasu. Ba su haihu ba. Shi ya sa da Mamma ta bi bayansa, babu wanda ya ma zauna shawara: Ortensia ba miji, ba 'ya'ya, ai ita ta dace ta koma gidan tsoho. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Shida daga ciki kuwa tun bayan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ita ke tashinsa, ita ke wankansa, ita ke sauya masa kunzugu kafin ta fita aiki da bayan ta dawo. Sau ɗaya suka gwada ɗaukar mai kula da shi. Kwana biyu matar ta yi, ya jefe ta da faranti, ya ce baƙuwa ba za ta ga tsiraicinsa ba.

Kullum idan ya yi barcin rana, sai ta zauna a teburin kicin da taswira da wayarta. Da farko ta so ta haɗa Roma da Venezia duka. Wata malamar aji huɗu ta ce mata a'a, wannan a jirgi kawai za ta ƙare. Ta zauna gari ɗaya, ta riƙa fita da safe tana dawowa da yamma. Haka ta yi. Ta kama ɗaki na kwana biyar a Firenze, a gidan baƙi na sistocin coci, tafiyar minti goma daga tasha. Talata isa da hutawa. Laraba gidan zane-zane da ƙarfe tara da kwata, da la'asar kuma ta hau ƙubbar babban coci, matakala ɗari huɗu da sittin da uku. Tun Janairu take hawa benensu sau goma kowace safiya don ta ga ko gwiwar za ta yarda. Alhamis Siena, a bas, domin an ce mata bas ya fi jirgi kai mutum kusa da tsakiyar gari. Juma'a Pisa da safe, Lucca da rana, ta zaga kan ganuwa kafin ta dawo. Asabar ba ta sa komai ba. Wannan ranar ce ta fi ɗokinta: ta tashi da safe babu wanda ke jiranta, ta zauna ta sha kofi da zafinsa har ta ga gindin kofin.

Ta duba agogo. Maƙwabciyarsu Nuccia ta yarda ta zauna da tsohon har azahar kawai.

Saverio, yayansu, shi ne ke rajistar haihuwa da mutuwa. Yana bayan gilashi yana buga wa wani saurayi hatimi lokacin da ya hango ta. Hatimin ya tsaya a sama na ɗan lokaci kafin ya sauka.

"Ortensia! Lafiya? Papà ne?"

"Papà lafiyarsa lau. Fito."

"Ina aiki. Ki ɗan jira in sallami…"

"Ko ka fito, ko mu yi ta nan ta ramin gilashin, kowa ya ji. Na riga na yi ɗaya a kasuwa, ban gaji ba."

Ya ce wa abokiyar aikinsa ta riƙe masa, ya buɗe mata ƙofar gefe. Suka shiga ɗakin ajiyar takardu, inda manyan littattafan rajista suka cika kanta har rufi. Ya rufe ƙofa, ya cire tabarau yana gogewa.

"Demetrio ya gaya miki ke nan."

"Ya gaya min nasa. Na zo jin naka."

"Ki zauna mana."

"A tsaye zan ji."

Ya yi ajiyar zuciya irin ta mutumin da aka ɗora wa nauyin duniya. "Mun duba abin nan ne, ni da shi, ran Alhamis. Mun ga lokacin bai dace ba. Ni ga aiki ya taru, mutum biyu sun tafi hutu. Kuma Papà bai saba da kowa ba sai ke. Kwana biyar ba wasa ba ne ga mai shekara tamanin da bakwai. In wani abu ya faru kina can fa? Ke kanki ba za ki yafe wa kanki ba."

"Ran Alhamis."

"E."

"Yau Litinin. Kwana huɗu kuna zaune da maganar. Jiya ka zo ka ci taliya a gidan, ka ga akwatina a bakin gado, ka ce min kada in manta da laima."

"Ban so in ɓata miki Lahadi ba."

"Sannu da tausayi."

"Ortè, ki saurare ni. Ni ban ce kada ki je ba. Amma tsarin ya yi yawa. Siena, Pisa, Lucca, ke kaɗai, da wannan gwiwar? Mace mai shekara hamsin da bakwai? Ni da Rosalba da muka je Venezia hutun aurenmu, wuri ɗaya muka zauna. Baɗi in Allah ya kai mu, akwai tafiyar da coci ke shiryawa, da bas ɗinsu da mai yi muku bayani…"

"Ka je Venezia. Ka je Roma sau nawa? Bara kun je Sisiliya bikin 'yar abokinka, kwana takwas, ni na riƙa zuwa ba wa kyanwarku abinci. Wa ya zauna ya duba ko lokacin ya dace? Wa ya kira taro ran Alhamis a kanka?" Ta bugi gwiwarta da tafin hannu. "Da wannan gwiwar nake ɗaga Papà daga gado sau huɗu a rana. Ba ka taɓa cewa ya yi mata yawa ba. Sai da za ta hau bas zuwa Siena ka tuna tana ciwo."

Saverio ya mayar da tabarau, ya sake cirewa.

"Aiki ya taru," ta ce. "Savè, garin nan mutum nawa ake haifa a mako? Biyu? Kada ka raina min hankali. Faɗa min gaskiya ko in fita in tambayi yarinyar can ko an hana ka hutu."

Ya zauna a kan wani akwatin takardu, babban mutum mai furfura da taye a wuya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Ba zan iya ba," ya ce, a hankali.

"Me?"

"Wankan. Da… da sauran. Abincin ba komai, maganin ba komai, zan iya kwana a kujera. Amma in tuɓe shi? In goge masa? Ortè, mutumin nan har na yi aure ban taɓa ganinsa ba riga ba. In ya shigo ɗaki miƙewa muke yi. Tun Ista nake tunanin abin nan, barci ba ya ɗaukata. Demetrio ma ba rumfa ce kawai ba, shi ma abin da ke damunsa ke nan. Ke kin iya. Ke daban ce."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta yi zaton idan ta ji gaskiya ranta zai yi sanyi. Sai ta ji ya ƙara ɓaci.

"Ni daban ce."

"Ina nufin ke mace ce, kin saba…"

"Da iyawata aka haife ni? Ranar farko da aka sallamo shi daga asibiti, kana ina? Ka sauke mu a ƙofa ka ce kana da taro. Na shiga banɗaki da shi ni kaɗai. Ya juya fuskarsa bango yana kuka, ni ina kuka, na gama na fita bayan gida na yi amai. Washegari na sake. Ni 'yarsa ce, Savè, 'ya mace. Kana ganin ni ban ji kunya ba? Babu dai wanda ya tambaye ni."

"Ban sani ba."

"Ba ka so ka sani ba."

Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce ana neman Signor Talarico a waya. Saverio ya ce yana zuwa, amma bai motsa ba.

"Ƙarfe ɗaya da rabi kuke tashi," in ji Ortensia. "Za ka kai ni gida a motarka. Yau ban yi masa wanka ba. Kai za ka yi, ina tsaye ina nuna maka."

"Yau?"

"Gobe ba na nan."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu biyu. Da ya ɗago, sai ga ma'aikacin gwamnati ya dawo, mai neman inda za a rage.

"To ji. Zan gwada. Zan yi kwanakina, Talata, Laraba, Alhamis. Amma na Demetrio ba zan ɗauka ba, kuma kin san shi, ba zai zo ba. Ki dawo Juma'a da safe. Kin ga Firenze, kin ga Siena. Ai kin yi ƙoƙari."

"Pisa da Lucca fa? Asabar ɗina fa?"

"Ortè, iyakar abin da zan iya ke nan. Ko wannan, ko babu."

Ta dubi littattafan da ke kewaye da su. Ta san yayanta. Idan ta ƙara matsa masa zai iya zillewa gaba ɗaya, gobe ya kashe waya. Ta haɗiye abin da ke bakinta.

"Juma'a," ta ce.

Suka kama hanyar gida a motarsa. Sau ɗaya ya kunna rediyo, ta miƙa hannu ta kashe.

Sun tarar da Nuccia a bakin ƙofa da jakarta a hannu, tana cewa ya ƙi cin miyar, wai ba gishiri. Tsoho Raffaele yana kan kujerarsa kusa da tagar kicin, hannun hagu a kwance kan cinya, hular nan tasa a ka ko da yake a cikin gida ne. Jikinsa ne ya gaza, bakinsa kuwa yana nan yadda yake tun yana shugaban magina. Ya dubi ɗansa sama da ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Papà."

"To me ya kawo mai rajistar matattu gidana ran Litinin? In ni ka zo rubutawa, ka koma, da saurana."

"Shi zai yi maka wanka yau, Papà," in ji Ortensia. "Na gaya maka gobe zan yi tafiya."

"Tafiya," tsohon ya ce, ya yi tsaki. "Mutane na zaune lafiya a gidajensu." Amma bai ce a'a ba. Ya kalli hannayen Saverio kamar yadda yake kallon sabon lebura.

Saverio ya cire agogo da taye, ya naɗe hannun riga. Ta nuna masa yadda zai tsaya ta ɓangaren hagu, ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin hammatar tsohon, ya ƙirga uku kafin ya ɗaga. Suka taka a hankali har banɗaki, inda kujerar roba take a ƙarƙashin famfo.

"Ruwan ka gwada da gwiwar hannunka, ba da yatsa ba. Wajen cire riga, hannun lafiya ake fara fitarwa. Wajen sawa kuma mai ciwon ake fara sawa. Kada ka sake shi ko na daƙiƙa ɗaya in yana tsaye. Daga sama za ka fara, ka gangaro. Bayan ka goge shi, akwai mai a kan kanta, ka shafa masa a ƙugu inda ya yi ja. Kunzugun, gefen da ke da manne shi ne baya."

"A hankali, Ortè, a hankali. Hannun lafiya ne farko ko…"

"Wajen cirewa."

Saverio ya kama maɓallin farko. Tsohon ya kafe idonsa a bango. Ortensia ta san wannan kallon. Ta ga in tana tsaye a wurin, su biyun babu wanda zai iya, don haka ta fita ta ja ƙofar, ta bar ta a ɗan buɗe.

Ta tsaya a barandar ciki, bayanta a jingine da bango. Can ta ji ƙarar bel ya faɗi ƙasa, sannan ruwa ya fara zuba. Ta ji Saverio yana cewa, "Yi haƙuri, Papà, yi haƙuri," tsohon kuma yana cewa, "Daina ba ni haƙuri, ka riƙe ni da kyau." Duk da haushin da ke cinta, sai da ta ji tausayinsu. Hannunta ya kai ga mariƙin ƙofa sau biyu, tana janyewa.

Ta ciro wayarta. Gara ta gama da abin tun yanzu: ta kira sistocin ta rage kwana biyu, tikitin dawowa kuma ta canza shi gobe a tasha. Ta nemo lambar, ta danna, ta kara a kunne. Wayar ta fara ringi.

A cikin banɗaki ruwan ya tsaya. Muryar tsohon ta fito sarai.

"Kai, ashe hannunka da laushi."

Saverio ya yi wata 'yar dariyar jin kunya. "Haka ne, Papà?"

"Ita 'yar'uwarka ai kamar tana dirzar tukunyar makaranta. Kullum sauri, kullum fuska a ɗaure, ɗaga nan, juya can. Shekara nawa ina fama, ba ni da wanda zan gaya wa. Ka ga yadda ka bi bayan nan a hankali? Haka ake yi. Da ma tun farko kai kake zuwa."

"Ai tana ƙoƙari, Papà."

"Ƙoƙari dai. Ƙara min ruwan a wuya."

Ortensia ta tsaya da waya a kunne, bakinta a ɗan buɗe. Ji ta yi kamar an watsa mata ruwan sanyi a fuska. Shekara shida. Safiyar hunturu da take tashi ƙarfe biyar ta ɗumama banɗakin kafin ta tashe shi. Bayanta da ya riƙe har ta yi mako tana aiki a karkace. Mutumin da ya yi minti goma da soso a hannu, wanda sai da ta ja shi kamar akuya kafin ya zo, shi ne mai hannu da laushi. Hawaye suka cika mata ido, ta goge da bayan hannu da ƙarfi, don ba na baƙin ciki ba ne, na tsabar takaici ne. Sai kuma ta lura da wani abu: tun Nuwamba akwai wani nauyi da ke danne mata ƙirji duk lokacin da ta buɗe taswirar, tunanin yadda tsohon zai yi kwana biyar ba ita. Ta neme shi yanzu ta rasa.

"Gidan baƙi, barka da rana. Sista Celeste ce," in ji wata murya a wayar.

"Barka da rana, Sista. Ortensia Talarico ce, daga Kalabriya. Wadda za ta zo gobe."

"A'a, Signora Talarico! Muna jiranki. Ɗaki na bakwai, mai kallon lambu. Kwana biyar ko? Akwai canji ne?"

Daga ciki aka ji tsohon yana ba da labarin wani gini da ya yi shekara hamsin da suka wuce, Saverio yana amsawa da "to" da "ashe".

"Akwai," in ji Ortensia. "Ɗakin nan, akwai wanda ya kama shi daren Lahadi?"

Aka ji ana buɗe shafukan littafi. "Babu kowa sai Laraba."

"To ki rubuta ni. Kwana shida ke nan. Kuma Sista, wane gari ne kusa da mutum zai iya zuwa ran Lahadi ya dawo da yamma?"

"Arezzo mana. Awa ɗaya ce a jirgi, ba ta da cunkoso. Sai dai akwai hawa, ki zo da takalmi mai daɗi."

"Ina da shi. Na gode, sai goben."

Ta kashe wayar, ta sa a aljihu. Ta wuce kicin ta ɗora tukunyar kofi a wuta, ta ciro kofi ɗaya, ta zauna a kujerar tsohon kusa da taga.

"Ortè!" Muryar Saverio ce daga banɗaki. "Ortè, ina tawul yake?"

"Yana inda yake shekara shida," ta ce, ba ta tashi ba. "Ka duba."